Kujerar da Malam Lawali Ya Ajiye Mini a Lyon

Tun da na dawo daga Faransa mutanen majalisarmu ta shayi ba su bar ni na sha iska ba. Wannan ya ce yaya sanyi, wancan ya ce wai da gaske ne karnuka na shiga jirgin ƙasa tare da mutane. Ni kuwa sai in ciro waya in nuna musu hotuna don in rufe musu baki. Rabin hotunan na abu biyu ne kawai, wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a birnin Lyon, da wani jan dutse da ke shimfiɗe a gefen titi. Suka ce, "Haba Malam Ilu, ka je har Faransa ka dawo mana da hoton dutse?" Na taya su dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yau dai zan ba da labarin yadda yake, har da inda ban kyauta ba.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, shekara ashirin da biyu ke nan ina shaƙar garin alli. Wani taron malaman tarihi na kwana uku aka gayyace ni a Paris. Amma a raina ba taron ne ya fi ɗaukar mini hankali ba, Malam Lawali nake son gani. Shi ya koya mini tarihi ina saurayi, kuma saboda shi na kama wannan aiki. Ya tafi Faransa ƙaro ilimi shekara talatin da suka wuce, ya samu aiki, ya yi iyali, ya zauna a gefen Lyon. Daga baya matarsa ta rasu, ciwon ƙoda kuma ya ɗaure shi da asibiti, har ya zama shekara goma sha biyu rabonsa da gida.

Akwai darasi ɗaya na Malam da duk wanda ya zauna ajinsa ba ya mantawa, labarin wani shugaban ƙasar Faransa da aka kashe a Lyon fiye da shekara ɗari da suka wuce. Shugaban ya fito daga liyafa cikin buɗaɗɗen keken doki, za shi gidan wasan kwaikwayo inda aka shirya wasa domin shi. Sai wani saurayi ya ratso jama'a da takarda a hannu kamar mai kawo kuka, ashe wuƙa ce a ciki. Malam ba ya faɗin wannan a tsaye wuri ɗaya. Sai ya naɗe alli cikin takarda, ya sunkuyar da kai, ya taho a hankali, ya caka wa na bencin gaba a ciki. Ni ne na bencin gaba, don haka sau uku ana kashe ni a shekara guda. In aji ya gama dariya sai ya ce, "To, su kuma na cikin gidan wasa fa? Suna can zaune da kwalliyarsu suna jira. Ba wanda ke tambayar labarinsu."

Ana saura kwana biyu in tashi, yayar Malam, Hajiya Tsahara, ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, kunnenta ya yi nauyi, in za ka yi mata magana sai ka matsa kusa ka ɗaga murya. Na same ta a tsakar gida da wani ƙunshi a cinya, an naɗe da takarda mai kauri an ɗaure da zare.

"Kilishi ne," in ji ta. "Ni na zauna kan mahaucin har ya gama. Na ce ya rage yaji, cikin Lawali ba ya ɗauka. A hannunshi za ka sa, ka ji ko? Ba hannun ɗiyarshi ba. Kuma ka zauna ka dube mini shi da kyau. A waya kullum lahiya lau yake ce mini, ni kuwa ban yarda ba."

Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." Na karɓa da hannu biyu. Abin da na riƙe daga maganarta kilishi ne da hannu, saura kuwa ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Wuni guda cur muna cikin bas, ƙamshin kilishi ya cika motar, har wani dattijo da ke bayana ya leƙo ya ce, "Malam, wannan amana ce ko guzuri?" Na ce amana. Ya ce, "Kash!" Daga Yamai jirgi ya ɗauke mu ya sauke a wata ƙasa, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani ya kwashe mu zuwa Paris.

Takarduna ba su ba ni wahala ba. An dube ni, an dubi fasfo, an buga hatimi. Ina jan akwatina ina murna sai ga wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna daram a gabana. Na kauce, ya biyo ni. Wata ma'aikaciyar kwastan ta ce in buɗe akwati. Ta ciro ƙunshin Hajiya, ta kwance zaren, ta ce nama ba ya shiga ƙasar, ɗanye ko busasshe. Na tattaro duk Faransancin da na mallaka, irin na littafi wanda ko su sun daina yi, na bayyana mata cewa wannan ba nama ba ne kawai, saƙon tsohuwa ne zuwa ga ƙanenta marar lafiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta ji tausayi ƙwarai, sannan ta ɗaga murfin wani babban kwandon shara ta saka shi ciki, har da takardar da zaren. Karen ya bi shi da kallo, ni ma na bi shi. A cikinmu ban san wanda ya fi jin zafi ba.

Abokina Habu ya tarbe ni. Tare muka yi aji, shi ma Malam ya caka masa alli, yanzu injiniya ne, yana zaune da iyalinsa a Sevran, bayan gari. A hawa na bakwai suke, cikin wani dogon gini da ya ɗauki mutanen unguwa guda, amma ba ka jin ko tarin wani. Ranar farko na shiga na'urar hawa bene na tarar da wata tsohuwa, na gaishe ta, na tambayi gida da gajiya da sanyi. Ta ƙanƙame jakarta ta matsa lungu. Habu ya ce a nan kalma ɗaya ake yi a rufe baki. Ya ce ko ɗan'uwanka za ka gani sai ka sa rana da sa'a, in ka faɗo masa haka kawai ka ci mutuncinsa. Na ce wannan ai ba zumunci ba ne, ganin likita ne.

Abinci kuwa matar Habu, Binta, ta rufa mini asiri da tuwon semo da miyar kuɓewa. A wurin taro ne na sha wuya. Suka kawo wani cuku mai shuɗin tabo, wanda da a gidana aka same shi da tuni an zubar an wanke kwanon da toka. Wani farfesa da ke gefena ya lumshe ido yana ci. Na ce a raina, wato wannan ya halatta ya zauna cikin ƙasa, kilishin Hajiya Tsahara ne abin tsoro.

Ranar Litinin na kira Malam. Muryarsa ta tsufa amma ba ta sake ba.

"Ilu! Ka iso? Ya hanya, ya mutanen gida? To, ji nan. Alhamis, bayan azahar. Mu ci abinci, sannan in kai ka ka ga wurin nan da na yi ta kashe ka a kanshi. Kada ka kuskura ka je kafin ni."

Na ce, "Wane ni, Malam."

Bai tambayi saƙo ba. Na ɗauka kawaici ne irin na manya, kuma wannan ya ƙara mini nauyi. Da na ajiye waya Habu ya ce, "Kai, ka gaya mishi gaskiya mana. Duwan, 'yan kwastan nan, sun karɓe, c'est tout, shi ke nan. Wa zai kama ka?"

Na ce ba zai yiwu ba. Ku da kuke nan kun san abin da nake nufi. Tsohuwa ta ba ka amana a hannu, ka ratsa ƙasashe, sannan ka tsaya gaban malaminka hannu rabbana kana ba da labarin kare? Tun ina yaro ban taɓa shiga gidan babba daga tafiya ba tare da ko goro ba. Ni a ganina gara in makara da in je haka.

Binta ce ta kawo dabara, ko kuwa in ce ni na matsa har ta kawo. Ta san wata mata 'yar Maraɗi a cikin Paris da ke yin kilishi a murhun gasa burodi. Muka kira ta. Ta ce aiki ya yi mata yawa, ba zai samu ba sai daren Alhamis. Na ce ta rage yaji, ta naɗe da takarda mai kauri, ta ɗaure da zare. Habu ya ce wani abokin aikinsa zai je Lyon da safiyar Jumma'a, sai ya taho da shi. Ya faɗa yana girgiza kai. Ni kuwa har na ji daɗin wayona. Na ce kwana ɗaya ne kawai, me zai faru cikin kwana ɗaya?

Tikitin jirgin ƙasa na Alhamis ne, ba ya sakuwa, don haka na tafi. Sa'a biyu jirgin ya yi tsakanin Paris da Lyon, tafiyar da a wurinmu sai a yi sallah uku a hanya. Ba mai tallar ƙwai, ba mai wa'azi, ba mai tambayar ina za ka. Wanda wayarsa ta yi ƙara sai ya tashi ya fita kamar ya yi abin kunya. Na zauna shiru ina shirya ƙaryar da zan yi.

Ina sauka, a nan cikin tasha, na kira shi. Na ce, "Malam, a gafarce ni, taron ya ja. Har yanzu ina Paris. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Daidai lokacin lasifikar tasha ta yi wannan ɗan kiɗan nata, wata mata ta shiga sanarwa, na toshe ɗayan kunnena don in ji shi.

"To," in ji shi. "An dai riga an ɗora tukunya. Allah ya kai mu, Ilu."

Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, ɗakin da in ka shimfiɗa darduma sai ka ɗora akwati kan gado. Na yi alwala da ƙyar, don wurin wanke hannunsu ya kai mini ƙugu, ɗaga ƙafa zuwa can kuma ba aikin mai shekaruna ba ne. An gaya mini mutanen Lyon da naman alade ba su rabuwa, sai na bi hancina har shagon wani Balarabe na ci kuskus da naman rago. Na fito azahar ta yi, ga wuni a gabana ba abin yi. Na ce bari in ɗan taka ƙafa. Ƙafar kuwa ta san inda take so.

Wani babban titi ne mai shaguna, cike da jama'a. Na tambayi mutum uku ina aka kashe shugaban, biyu ba su ma san an kashe wani ba. Na ukun, wani tsoho mai jan kwandon cefane, ya nuna ƙasa da sandarsa. Ashe ina dab da takawa. Dutse ɗaya ne ja a cikin duwatsun daɓe, bai fi faifai girma ba, da wani allo a jikin bango. Mutane na tattaka shi suna cin burodi a tafe. Na tsaya a kansa kamar wanda ya zo gaisuwa, na ɗauki hoto ta gabas na ɗauka ta yamma. Na ce a raina gobe in Malam ya kawo ni sai in yi kamar ban taɓa gani ba. Kun ga ƙarya ta riga ta haihu.

Daga dutsen zuwa gidan wasan tafiyar 'yan mintoci ce. Abin da ya rage wa shugaban ke nan. Ginin na da gumakan mata jere a goshinsa, an kuma kifa masa wani rufin gilashi a ka. Na yi niyyar tsayawa daga waje, wallahi haka na yi niyya. Sai na ga an rubuta cewa ƙarfe uku za a zagaya da baƙi ciki. Na duba agogo, uku saura kwata. Na sayi tikiti.

Mai zagayawa da mu wata dattijuwa ce mai furfura da jan tabarau. Ta ƙirga mu, ta duba takardarta, ta ce akwai mutum biyu da suka kama wuri tun makon jiya ba su iso ba, a ba su minti biyar. Muka tsaya. Turawa suka shiga duba agogo, ni ma na taya su, har na ce a raina lallai waɗannan 'yan'uwana ne 'yan Afirka, mu ne ba mu san lokaci ba. Minti biyar ya cika ba su zo ba, muka shiga.

Na zaci zan ga jan ƙyalle da ruwan zinariya. Sai na tarar da ciki baƙi ƙirin, bango baƙi, kujeru baƙaƙe, matakala masu tafiya da kansu. Dattijuwar ta ce an ƙwaƙule cikin ginin gaba ɗaya an sake shi, bangon waje ne kawai da wani babban zaure mai zane-zane a rufi suka rage daga na da. Ta yi ta bayanin mawaƙa da fitilu. Da na ga za ta wuce, na ɗaga hannu kamar ɗalibi na tambaye ta daren da aka kashe shugaban. Ta cire tabarau ta dube ni da murna, ta ce ba kasafai ake tambayarta ba.

Ta zaunar da mu, ta ce a wannan daren gidan ya cika maƙil. Manyan gari da matansu sun sa mafi kyawun tufafinsu, makaɗa sun gyara kayansu, an ƙawata wurin zaman shugaban. Lokaci ya yi bai zo ba. Aka ce ai jama'a ce ta tare hanya. Aka ci gaba da hira, ana waiwayen kujerar. Mutumin da suke jira yana nan cikin gari, kusa da su, ba su sani ba. Sai can wani babban jami'i ya shigo ya faɗa musu, aka watse ba a yi wasa ba.

Tana cikin wannan wayata ta motsa a aljihu. Na leƙa, lambar Ramatu ce, 'yar Malam. Na mayar da ita aljihu, don in na ɗauka me zan ce, kuma a ina zan ce nake? Na zauna cikin baƙar kujerar nan, maganar Malam ta ajinmu ta dawo mini. Da a lokacin na tashi na nemi hanyar gidansa, da kafin la'asar ta yi sanyi na isa. Na san haka sarai. Amma na zauna, na ƙarasa zagayen, har na yi wa dattijuwar godiya.

Da safiyar Jumma'a abokin aikin Habu ya miƙo mini ƙunshi a tasha. An naɗe shi yadda na ce, har zaren. Na rungume shi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sake wani na kan titi, har unguwar da ake kira Les Minguettes, can ƙarshen gari. Dogayen gine-gine ne masu kama da juna, na yi ta zagaye ina karanta lambobi. Wasu tsofaffin Larabawa uku na zaune kan benci suna shan hantsi, na yi sallama na faɗi sunan Malam. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Malamin Nijar? Motar asibiti ta ɗauke shi bayan asuba."

Ban san yadda na kai hawa na goma sha huɗu ba. Ramatu ce ta buɗe, mace mai shekara talatin ko kusa, idanunta sun yi ja, tana haɗa kayan da za ta kai asibiti. A can aka haife ta, Hausarta na tafe tana jingina da Faransanci.

"Kai ne Malam Ilu. Shigo. Papa ya faɗi bayan sallah, jini ne ya hau mishi kai. Ba ya magana."

Na shiga. Ɗan falo ne cike da littattafai, ga tsohon hoton kasuwar Damagaram a bango. A kan tebur faranti biyu a kife, da cokula, da kofuna biyu na shayi. Kujera biyu, ɗaya an rataya mata farar babbar riga da hula, ɗaya an ja ta baya kaɗan yadda baƙo zai zauna ba wahala.

Na fara cewa, "Jiya taron ne ya..."

Ta ɗaga hannu. "Non, Malam. Ya san kana Lyon. Ya ji sanarwar gar, tashar jirgin Lyon, a wayarka, shekara talatin yana jin muryar nan. Da ya ajiye waya dariya ya yi. Ya ce, Ilu na cikin gari, duwan sun karɓe kilishin Yaya, kunya ta hana shi zuwa. Ya ce a bar farantan, in kunyar ta sake shi zai taho. Ya sa rigarshi ya zauna nan har magariba. Ni na kira ka in ce ka zo haka nan, ba ka ɗauka ba."

Na kasa ɗaga kai. Na miƙa mata ƙunshin don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ta kwance, ta shinshina, ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Na matar Maraɗin nan ne ta Paris. Mu ma wurinta muke saye." Ta ajiye shi kan tebur. "Malam Ilu, kilishin Gwaggo bai taɓa isowa gidan nan ba, ko sau ɗaya. Duk wanda ta ba, a aéroport ake karɓewa. Papa bai taɓa gaya mata ba. Sai ya kira ta ya ce ya yi daɗi, ta ƙaro. Na ce mishi pourquoi, don me ana ta asarar nama? Ya ce in ta daina aikowa, wa zai hawo bene goma sha huɗu ya zauna ya gaya mishi yadda ya ga Yaya da idonshi? Ko kilishin ma likita ya hana shi ci tun tuni."

Ta ɗaga kofi ɗaya za ta kawar, sai na ga takardu biyu a ƙarƙashinsa. Tikiti ne na zagayen gidan wasa, Alhamis, ƙarfe uku. Ta ce tun makon jiya ya sa ta kama, har ya roƙi likita ya matsar masa da ranar wankin ƙoda don ya samu ƙarfin tafiya. Mutum biyun nan da aka jira minti biyar, waɗanda na tsaya ina yi wa tsaki, ni ne da Malam.

Ta kai ni asibiti. Yana kwance, ya ƙanƙance, gefen bakinsa ya karkace, idanunsa a rufe. Na ja kujera na zauna, na kama hannunsa. Na gaishe shi gaisuwa cikakkiya irin ta gida, ba wanda ya amsa. Sannan na shiga ba shi labari. Na ce Hajiya na nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke raba wa jikoki faɗa. Na ce bishiyar ɗorawar da ke ƙofar ajinmu tana nan, an yi ruwa bana, gero ya yi kyau. Na ce ni ma ina naɗe alli cikin takarda, ina caka wa na bencin gaba. Na gaya masa zancen kare, da ƙaryata, da inda na wuni jiya, na roƙi gafara. Ramatu ta ce tana jin yana ji. Wataƙila don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Ni dai ban ga ko yatsa ya motsa ba.

Kwana biyu ina zuwa ina zama, har ranar tafiyata ta yi. Ina sauka Yamai saƙon Ramatu ya shigo, Allah ya yi masa rasuwa. A can aka binne shi, kusa da matarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na iso Damagaram ban sauke akwati a gida ba, gidan Hajiya Tsahara na wuce. An cika ana zaman makoki. Da aka gaya mata ni ne, ta sa aka matsa mini har gabanta, ta kama hannuna da nata biyu. Na riga na shirya amsar kilishi tun cikin jirgi, na ce zan faɗa mata abin da ƙanenta ya saba faɗa mata. Ba ta ko tambaya ba.

"Ilu, kai ne na ƙarshe da ya je mishi daga gida," in ji ta. "Ka zauna da shi? Kun yi hira?" Ta juyo da kunnenta mai ɗan ji, ta matso da shi dab da bakina. "Gaya mini da ƙarfi. Mi ya ce a gaya mini?"

Ga wayata a aljihu cike da hoton dutse da na baƙaƙen kujeru, amma ba ni da kalma ɗaya ta Malam da zan sa a kunnen nan. Ta jira, ta jira, ba ta saki hannuna ba. Da ta ji shirun ya yi yawa sai ta ɗauka kunnenta ne, ta ƙara matsowa ta ce, "Ban ji ba, ɗana. Sake faɗi."